Kaza a Cikin Na'urar Inna

Wani Alhaji ɗan Basirka da ke kasuwanci a Kano ya bugo mini waya a tsakiyar bazara. Ya ce eyakwandishan ɗin da ya sa wa mahaifiyarsa ya daina sanyi, sai gurnani kawai, wai motar fanka, wato injin da ke juya ta, ce ta ƙone, in sayi sabuwa in tafi da ita.

Na ce, "Alhaji, bari in gani tukuna. Mai gurnani bai mutu ba."

Na ɗaure jakar kayan aikina a babur, na bar Birnin Kudu da hantsi, na nufi Basirka. Inna, mahaifiyar Alhajin, tsohuwa ce siririya, ta raka ni bayan ɗaki inda akwatin na'urar na waje yake. Ragar gabansa ta ɓalle ta gefe ɗaya. Na sa aka kunna, na kasa kunne. Gurnanin nan na san shi: wuta tana isa mota, ƙarfin tashi ne babu. Idan aka tura fanka da sanda ta ɗauka, to kafasita, wadda ke ba mota ƙarfin tashi, ce ta mutu. Na tsinci karan dawa zan zura.

Inna ta cafke hannuna. "Malam, kada ka juya ta!"

Na leƙa. Can ƙasan fukafukan fankar, wata jar kaza ce kwance kan ƙwai, tana hararata. Ashe tun da na'urar ta tsaya ta samu wurin saka, Inna kuwa ta sani, ta ƙi gaya wa ɗanta.

Na kashe wuta, na buɗe murfin gefe a hankali. Kafasitar ta kumbura, kanta ya tashi kamar gwangwanin madarar da ta lalace. Na sauke cajinta, na ɗora mita, babu komai. Na auna wayoyin motar, lafiyarsu ƙalau. Na sa sabuwar kafasita, amma na zare wayar wuta na naɗe ta.

"Inna, zafin fa?"

Ta ce, "Na tsufa a cikinsa. Ita kuwa saura kaɗan ta ƙyanƙyashe."

Na kira Alhaji na ce mota lafiya, aiki ya gamu, sai dai akwai mai jego a ciki. Ya fashe da dariya.

Da 'yan tsaki suka fito na koma. Na share ciyawa da ɓawon ƙwai, na ɗaure ragar da waya, na kunna. Fanka ta tashi nan take. Inna ta zauna bakin gado ana hura mata sanyi, can ta aika a ɗauko mata mayafi.