Kujerar Baya a Motar Mijinta

Mai Keke ake ce mata a layinsu, don tun tana budurwa ƙafarta ke kan keken ɗinki. Ta aurar da 'ya'ya, ta ɗinka wa rabin unguwa sutura, ba ta da abokin faɗa. Mijinta direba ne, yana ɗaukar masu yawon buɗe ido a bas, ya bi da su hanyar da ta ratsa dajin kan dutse. A gida kuwa, in ya ce "to" sau biyu, ranar an sha hira.

Ta ɗauka haka Allah ya yi shi, har ranar da wata mata ta kawo ɗinki ta ga hotonsa a bango.

"Mijinki ne wannan? Kai, mutumin nan akwai baki! Ya ba mu labarin masu fasa dutsen da suka yi hanyar, da na tsohuwar gada, muka yi dariya har da hawaye."

Ranar Mai Keke ta ɗinka hannun riga a karkace. Kishi ya turnuƙe ta, kishin mutanen da ko ganinsu ba ta taɓa yi ba. Ita ce fa ke dama masa zuma a ruwan ɗumi in muryarsa ta dushe. Ashe don baƙi take jinyar muryar!

Da hutun mako ya zo ta rufe keke, ta je ta shige bas ɗin, ta zauna a kujerar baya. Ya hango ta a madubi.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, baban yara. Ni ma tarihin na zo ji."

Mota ta kama hawa. Dogayen itatuwa suka rufe sama, iska mai sanyi tana shigowa ta taga, baƙi na ta ɗaukar hoto. Direba shiru. Da suka iso gadar, wani fasinja ya ce, "Malam direba, an ce wurinka labari yake."

Ya saci kallon madubi, ya share goshi. "Gada ce," in ji shi. "Tsohuwa."

Ta san wannan fuskar. Da irin ta ya zo zance gidansu tana budurwa, ya zauna yana murza hula har aka kira ta ciki. Kunyarta yake ji har yau, da furfurarsa. Abin ya ba ta tausayi, ya kuma ƙara mata haushi.

A wurin hutawa, inda ruwa ke zubowa daga dutse, ta ce gwiwarta ta riƙe, za ta jira su su sauko. Ta zauna kan benci, bas ta tashi. Kafin motar ta sha kwana, Mai Keke ta ji muryarsa ta taga, a sake, ga daɗi, sai kuma dariyar baƙi ta ɓarke.

Ta miƙe tsaye ta kasa kunne, amma ƙarar ruwan ba ta bar ta ta ji ko kalma ɗaya ba.