Wayar da ta yi ƙara cikin dawa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na je Ruma in rubuta abubuwan da ake so manhajar tunatar da rigakafin yara ta riƙa yi. A wani gida na karanta wa wata mai goyo layin farko: manhajar za ta yi ta kiran wayarta har ta ɗauka.

Ta ce, "'Yar nan, in muna ɓoye cikin dawa fa, 'yan bindiga na wucewa?"

Ban kai ga amsawa ba wata waya ta fara ƙara can cikin gonar da ke bayan gidan. Cikin matan gidan, babu wadda ta motsa har wayar ta katse.

Na soke layin, na rubuta cewa kada manhajar ta taɓa kiran kowa.