Gadin Taɓo a Rafin Guza

Shekarun baya, an yi wata damina da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta kai gwiwa ba. Rafin da ke bayan lambun mahaifiyata a Rafin Guza ya ƙafe ƙaf. Balbelu suka yi ƙaura, kwaɗi suka yi tsit, har ciyawar bakin rafin ta koma kamar tsohuwar tsintsiya.

Abin da ya rage shi ne gaiwa, kifin nan da ke binne kansa cikin taɓo ya jira ruwa. Samarin unguwa suka bi rafin da fartanya suna tono, har ya zama saura ɗan kwarin da ke gindin lambunmu. A nan mahaifiyata ta shimfiɗa tabarma ta zauna.

Wani maƙwabcinmu ya zo lallashi. "Haba Hajiya, kifi ne fa, ba ɗan mutum ba."

Ta ce, "Malam, ko manomi yunwa ba ta sa shi cin iri. In kun tone waɗannan, me rafin zai haifa baɗi?"

Da ciwon ƙafa ya matsa mata, sai gadin ya dawo kaina. In na tashi daga ofis, daga Unguwar Dosa sai bakin rafi, da kaftanina mai guga, ina tsaron busasshen taɓo. Wani abokina ya gan ni, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ranka ya daɗe, ƙarin girman da aka yi maka ke nan?" Wallahi na ji kunya, don ni kaina ban yarda akwai mai rai a ƙarƙashina ba. Amma ban tashi ba.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ta dogara sanda muka je. Muna tsaye sai ruwan kwarin ya motsa, dogon bayan wata gaiwa ya gifta. Ta ce, "Alhamdulillahi," ta juya gida abinta. Ni kuwa sai da na share hawaye.

Yau ba ta duniya, Allah Ya jiƙanta. Yaran maƙwabcin nan ma a rafin suke kamun kifi. Tun daga ranar ruwan nan na daina ganin busasshen wuri in ce ya mutu. Kwanaki na ji wasu na son cike kwarin su yi shaguna. To, su zo. Tabarmarta na nan a bayan motata.