Bangon Arewa na Yaya Nedyalka

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Nedyalka Boneva a asibitin garinmu Gabrovo, bayan kwana tara tana fama da ciwon huhu. Shekarunta saba'in da huɗu.

Yaya Nedyalka, ni ba wanda ya hau ya gaya mini. Na sauko sayen burodi ne na tarar an liƙa takardar rasuwarki a ƙofar shiga benenmu, kamar yadda muke yi wa kowane mamaci, da hotonki na zamanin da kike aiki a masaƙa. A gefenta ga wata takardar, wadda ke da kanki kika liƙa kafin Kirsimeti, mai cewa gwamnati ta amince za ta biya a lulluɓe bangon benen da allunan soso masu tare sanyi, aiki zai fara a watan Afrilu. Na tsaya gaban takardun nan biyu har na manta abin da ya fito da ni.

Shekara sha tara kina shugabar mazauna benen, aikin da ba albashi, sai zagi. Ƙwan fitilar matakala ya mutu, ke. Famfo ya fashe, ke. Lokacin da tsohuwa Gergana ta karye a ƙugu, wata uku kina saukowa daga hawa na takwas da tukunyar miyar wake, kina ciyar da ita kina yi mata faɗa don ta ƙi motsa ƙafa. Da matata Stanka ta rasu, ke kika dafa alkamar sadaka, ke kika gaya mini inda zan tsaya a coci, domin a ranar ban san hannun damana ba. Bakinki akwai kaifi, ba zan yi miki ƙarya don kin mutu ba, amma ban taɓa ganin kin wuce mai neman taimako ba.

Da maganar tallafin nan ta zo, sharaɗin da aka gindaya mana shi ne sai duk masu gidaje talatin da biyu da ke cikin benen sun sa hannu. Mutane suka yi dariya, don kusan rabinsu suna ci-rani a Sifen da Jamus. Ke kuwa kika jira watan Agusta da suke zuwa hutu, kika kafa kujera a bakin ƙofa da takardunki a cinya. Wani a wurin ɗaurin aure kika ritsa shi, wani a maƙabarta. Kafin ganye ya zube kin tara hannu talatin da ɗaya.

Saura ɗaya, kuma ni ne. Yau zan faɗa da bakina.

Dalilina baranda ce. Ni da Stanka muka rufe ta da gilashi da ƙarfe tun muna da ƙuruciya, a nan muke gasa tattasai duk kaka muna cika kwalabe. Aka ce masu aiki za su ɓalle ta su sa taga irin ta kowa. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan sa hannu ba.

"Doncho," kika ce mini a matakala, "taurin kanka ya fi simintin benen nan. A lahira ma tattasan za ka gasa?"

"Yaya Nedyalka, ki ƙyale ni da barandata. Gwamnatin da ta tuna da mu yau, ina ta shiga shekara arba'in?"

"Inda hankalinka ya shiga," kika ce, kika wuce.

Na yi dariya a lokacin. Ni gidana a hawa na huɗu yake, yana kallon kudu, ɗumin na sama da na ƙasa yana ratsa ni. Naki yana can ƙarshe a kusurwa, bangonsa na arewa yana fuskantar iskar da ke gangarowa daga duwatsu. Na san da haka sarai, ban dai damu ba. Wa'adin miƙa takardu ya wuce, benayen maƙwabta suka samu, mu muka rasa.

Daga nan kowa ya kama gabansa. Mai hali ya ɗauko masu hawa da igiya su manna soso a daidai bangonsa kaɗai, wannan rawaya, wancan kore, har benen ya koma kamar zane mai faci. Ɗanki Plamen ya bugo waya daga Sifen ya ce zai turo su su rufe naki. Kika ƙi. Gergana ta ji ki kina ce masa, "In na rufe nawa, da wane baki zan ce wa mutane su jira na kowa?"

Sai a hunturu na biyu na taka gidanki, shi ma don karɓar makullin ɗakin ajiya. Abin da na gani bai bar idona ba har yau. Bangon ɗakin kwananki ya yi baƙi ƙirin da funfuna, ruwa yana tsattsafowa. Kin kafe barguna da ƙusa a jikinsa, kin dawo da gadonki kicin, kina zaune da babbar riga da safar hannu kina tari. A tsaye na karɓi takardar tallafin na sa hannun. Ba ki goranta mini ba. Kika duba takardar kika ce, "Ka ga, hannun bai karye ba," kika ɗora mini kofi.

Amma sai da muka sake jiran wani zagayen tallafin, hunturu biyu kuma. Huɗu ke nan kika yi a wannan ɗakin, alhali da na saurare ki ko ɗaya ba za ki yi ba. Likita bai ce ni na kashe ki ba, kuma rai na Allah ne. Sai dai na san inda tarin nan ya samo asali. A maƙabarta Plamen ya riƙe hannuna ya gode mini da zaman maƙwabtaka. Gara ma ya mare ni, da na fi samun sauƙi.

Makon jiya na ɓalle barandar da hannuna, yini ɗaya ya ishe ni. Da injiniya ya zo awo na roƙe shi su fara da bangon arewa na hawa na takwas. Ya duba takardarsa ya ce daga gefen ƙofa za su fara, ai wancan gidan yanzu ba kowa a ciki, ba gaggawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Plamen da matarsa da 'ya'yansu, da ƙanwarki Radka, da dukan mazauna benenmu. Allah Ya ba su haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya ba ki makwanci inda sanyi ba ya kai wa. Ranar arba'in zan kunna miki kyandir, ni zan dafa alkamar. Hunturu mai zuwa gidaje talatin da ɗaya za su kwana cikin ɗumin da kika nema mana, har da nawa. Ki yafe mini, Yaya Nedyalka.