Gambar Gayaunata

Ni ban yi lakkol ba, wato boko, faɗa nake ana rubuta mini, saboda haka in na yi kuka a tsakiya a jira ni, in na yi dariya ma a jira ni. Shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙan sa, har yau in na dama fura ludayi biyu nake ɗaukowa.

Tun ina amarya ya yankar mini gayauna a gefen gonarsa, a ƙauyenmu na kusa da Bande. Mu a nan gamba muke dasawa a kan iyaka. Ana tono gindinta in ruwa ya zauna, a tsattsaga, a dasa a jere. Ta kama ke nan. Da kaka a yanke ta a saƙa zana, shanu su cinye saura, baɗi ta sake fitowa.

Da sanyi ya rasu. Kafin in fita takaba bazara ta yi, dabbobi sun aske gambar har ƙasa, iska ta lulluɓe ta da rairayi. Aka zo rabon gado, liman da dattawa da ƙanen maigidana, wanda muke wasa da shi tun ba shi da gemu. Na ce gayaunata kyauta ce, ba ta cikin gado. Liman ya tambayi shaidu. Duka biyun suna kabari. Ya ce to in nuna iyaka, in ba haka ba za a haɗa ta cikin rabo, kuma dole a gama kafin shuka. Ya ba ni mako biyu.

Ƙanen mijin nan ya dubi fili fetal ya ce, "Matata, gambar taki ta bi Yaya ne?"

Na ce, "Tana nan, barci take. Kai ma da ka yi shiru ka fi kyau."

Washegari na tuɓe takalmi na bi rairayi ina lalube da tafin ƙafa. Inda kututture ya soke ni, nan ne. Ban taɓa murnar ciwo irin ta ranar ba, kowace suka sai na yi guɗa. Maƙwabciyata, tsohuwa kamata, ta aro mana amalanken jaki da bido shida, wato jarkokin ruwa. Muka dinga jido daga rijiya muna shayar da rairayi safe da yamma. Masu moto da ke wucewa Magaria suna rage gudu su kalle mu. Gari ya ɗauka cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai. Wata ma ta aiko mini da rubutu in sha. Na shanye rabi, na zuba wa gambar rabi, muka yi ta dariya har jaki ya tafi ya bar mu.

Rana ta tara kore ya leƙo, siriri kamar allura. Na durƙusa na gai da gambar, na yi mata ta'aziyya, don ita ma hannun maigidana ta sani.

Da dattawa suka dawo, layin ya fito fes. Sai dai bai miƙe ba. A tsakiya ya yi ciki, ya kutsa gonar marigayi da taki bakwai.

Ƙanen mijina ya ce, "Liman, dubi nan. Ashe ɓarauniya muka ajiye shekara da shekaru."

Ban musa ba. Na gaya musu ranar dashen ni ke gaba da ƙwarya ina yar da saiwa, maigidana yana baya yana binnewa. Da gangan na riƙa karkata cikin gonarsa in ga inda zai tsawatar. Sai ya bi ni yana binnewa, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ina faɗa ina dariya, hawaye na shiga mini baki.

Liman ya ce wanda ya binne da hannunsa ya bayar. Ƙanen mijina ya share ido da bakin riga, ya kafa turaku yana bin karkatar daidai, yana ƙorafin da ya san haka da shi ma ya bar matarsa ta shiga gaba.

Ruwan fari ya sauka bayan kwana huɗu. Gyaɗa na shuka, kuma daga taki bakwai ɗin nan na fara.