Sunana da Inna Ta Tsallake

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Alkunya ce irin ta mutanen da. In tana nemana, sai ta dubi wani ta ce, "Ku kira min waccan." Abin bai taɓa damuna ba, sai da maganar lambun dabino ta taso.

Lambun nata ne, gadon mahaifinta, a gindin duwatsu kafin a shiga garin Dutse. Da tsufa ya kama ta, ido ya yi rauni, sai autanmu ya dawo gidan da iyalinsa. Shi ke kai ta asibiti, shi ke ba ta magani, wayarta ma a aljihunsa take zama. In na kira daga ofis, kullum wai tana barci. Matar da ke riga zakara tashi, ita ce da barcin hantsi!

Shi ya kawo shawarar a mai da lambun waƙafi na iyali: ba sayarwa, ba rabon gado, 'ya'yanta da jikoki su riƙa cin amfaninsa, shi kuma ya zama mai kula. Ranar da za a ƙulla bai gaya min ba. Ya tara liman da dattawan unguwa, ya ce, "Inna, faɗi sunayen waɗanda za su ci, da bakinki, shaidu su ji." Ta kira kowa ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake ni kamar yadda ta saba. Shi kuwa ya san sarai za ta tsallake, ai a gidan ya tashi. Bai tuna mata da ni ba. Ni da 'ya'yana muka tashi a tutar babu.

Raina ya ɓaci, na kai ƙara kotun shari'a. Lauyana ya ce sai mun nuna cewa auta ya yi amfani da kusancinsa ya juya ta. Na ce masa, "Haba Malam, tsohuwar da ko ruwa sai ya miƙa mata?" Ya ce jinya ba laifi ba ce, a kawo shaidar matsi. Ina zan samo ta? Bai dake ta ba, bai tsorata ta ba. Tambaya kawai ya yi mata a gaban maza.

Ranar zaman, auta ne ya riƙo hannunta daga adaidaita sahu, ya zauna kusa da ita da ledar maganinta a cinyarsa. Alƙalin dattijo ne, ya gane komai. Ya nuna ni, ya ce, "Hajiya, wannan fa? Ba sai kin faɗi suna ba. Kin yi nufin ta ci, ko ba ki yi ba? Ko kai ne ki gyaɗa."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na ce a raina, Inna, don girman Allah, yau ɗaya dai! Alƙali ya sake tambaya, ba ta yaye mayafin ba. Ya yi ajiyar zuciya ya ce ya san al'ada, amma mai dukiya tana da hankalinta, shaidu sun ji, ita kuma ba ta warware ba. Waƙafi ya tabbata. Na fito, ban ma san haushin wa zan fi ji ba.

Da dabino ya nuna, na je gaishe ta, don uwa ce. Na tarar da wata maƙwabciya a ɗakin. Inna ba ta dube ni ba. Ta tura kwando da ƙafa, ta ce wa matar, "Ki ce wa waccan ta ɗauka. Na bishiyar bakin rijiya ne, ina da cikinta na dasa ta. Tata ce."

Na ce, "Inna, wannan maganar ai ita alƙali ya roƙe ki."

Ta juya fuska wajen bango. Daga tsakar gida auta ya ɗaga murya, wai a bar ta haka, lokacin maganinta ya yi.