Murfin Tankin da Na Ɗinka wa Bukar

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Bukar bakanike makwancinsa. Ni Adamu baduku, na unguwar Hausari a Potiskum, abokinsa ne tun muna yara. A ajin yaƙi da jahilci na koyi boko da furfurata, don haka masu karatu su yi haƙuri da rubutuna. Har yau in an ambaci Bukar a garin nan, sai wani ya ce, "Wanda gyaransa ya kashe Kyari?" Wannan suna nake so in wanke.

Bukar shi ne direba kuma bakaniken a-kori-kurar Alhaji Modu, wani attajiri ɗan asalin Barno. A lokacin motocin garin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma in ya kara kunne a jikin inji sai ka rantse gaisawa suke yi. Yanzu tasha ta cika da motoci, kowane yaro mai baƙin hannu bakanike ne, ana ta zancen Turawa za su tafi. Da yana nan, na san abin da zai yi: ya taɓe baki ya ce masu kunce inji sun yi yawa, masu sauraronsa sun yi kaɗan.

Wata damina murfin tankin man motar ya faɗi a hanyar Damagum. Alhaji ya ji tsoron ruwan sama ya shiga mai, ya aiko a yi masa wani. Mu dukawa, abin alfaharinmu shi ne tandun da ko iska ba ta ratsa shi. Na sa aka sassaƙa toshiyar itace, na naɗe ta da fatar akuya, na ɗinke tsaf. Ta zauna a bakin tanki daram. Bukar da kansa ya yaba, har yana tsokanata wai ashe hannuna ya iya wani abu ban da cin tuwo.

Daga nan mota ta fara ciwo. Ta tashi lafiya, ta yi 'yar tafiya, amma da ya taka totur sai ta shaƙe, ta riƙa tari, ƙarfinta ya zube. Kwana biyu yana kanta. Ya wanke kafireta, ya canja fulogi, ya hura bututun mai da bakinsa. Duk sanda ya gwada ta a gida sai ta yi lafiya lau. Ya gaya wa Alhaji ta warke.

Kashegari da hantsi maciji ya sari Kyari, ƙanin Alhaji, a gona a Gadaka, inda Bukar ya kai su duba shuka. Aka shimfiɗa shi a bayan mota, aka nufo asibitin Potiskum. Ba su yi nisa ba ta shaƙe. Bukar ya sauka, ya cire murfi, ya zura kara ya ga mai yana nan, ya mayar. Ta tashi, ta yi 'yan mil, ta sake. Alhaji na baya rungume da kan ƙaninsa, jini na fita ta dasashinsa. Sai a tsayawa ta huɗu Bukar ya lura da ƙarar iska tana kutsawa tanki lokacin da ya zare murfin. Ya jefa shi cikin aljihu, ya bar bakin a buɗe, mota ta kama gudu kamar ba ita ba. Sun shigo gari bayan azahar. Kyari ya cika kafin a sauke shi.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka kowa ya faɗa a zaman makoki. Amma ranar sadakar uku Alhaji ya karɓe makullinsa, kuma babu mai mota da ya ƙara kiran Bukar.

Da yammacin ranar Bukar ya zo rumfata. Ya ajiye murfin, ya ɗauki basillata ya ɗan huda shi ta tsakiya.

"Shi ke nan gyaran, Adamu. Tanki ma numfashi yake yi. In iska ba ta shiga ba, mai ba ya sauka."

Nan na gane murfina ne ya jawo komai. Na ce mu tashi mu je wurin Alhaji.

"Zauna. Ni na san inji, ni ya kamata in duba. Kai aikinka ka yi. In ka yi magana, gida biyu za a rufe maimakon ɗaya."

Na zauna. Ba don ya rinjaye ni ba, tsoro ne kawai, kuma ina jin kunyar wannan zama har yau. Bukar ya koma Damagum yana gyaran kekuna da fitilun aci-bal-bal. Bayan shekara uku tari ya kama shi, aka dawo da shi Potiskum, a nan ya rasu. Waɗanda suka raka gawarsa ba su cika sahu biyu ba.

Me ya rage nasa? Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Amma kwanan baya na ji wani bakanike a tasha yana cewa in mota ta ƙi totur a fara duba hujin murfin tanki. Na tambaye shi wa ya koya masa, ya ce haka ake yi tun da can. Iliminsa ya zauna a gari, sunansa kuwa ya zauna da tabo, kuma ni na bar shi a haka.

Alhaji Modu yana raye, ɗansa yana karanta masa jarida duk mako. Ba zan bari ya ji wannan daga takarda ba. Gobe da safe zan yi sallama a zaurensa, in gaya masa hannun da ya ɗinka murfin nan. Allah Ya jiƙan Kyari. Allah Ya jiƙan Bukar, Ya sa ya yafe mini.